Sai ya hana mu barci muke neman likitan haƙori

Ranar wata Talata, muna fitowa daga sallar asuba a nan Agege, wani yaron garinmu da ke dako a kasuwar Mile 12 ya tare ni a ƙofar masallaci. Da farko ban shaida shi ba. Ya naɗe fuska da rawani har haɓa, muƙamuƙinsa na hagu ya kumbura suntum kamar ya ƙunshe ƙwallon mangwaro, bakin ma da ƙyar yake buɗuwa. Ya ce, "Malam, don Allah ka taimaka ka raka ni asibiti. Yau kwana uku ban runtsa ba." Kuɗinsa na aljihunsa, mai yi masa magana kawai yake nema, don Turancinsa bai wuce na ciniki ba, Yarbancinsa kuma iyakarsa tsayar da danfo. Ni malamin Islamiyya ne, amma a Legas duk wanda ya ɗan taɓa boko a cikinmu ya zama tafintan unguwa, ko yana so ko ba ya so. Ɗakin likitan haƙori kuwa na shige shi ya fi a ƙirga, kusan kullum da mutum dafe da kunci.

Muna tsaye cikin gosulo ya ba ni tarihin ciwon da gefen baki. Tun kafin azumin bara abin ya soma: in ya sha ruwan sanyi sai ya ji zir har ƙwaƙwalwa. Daga baya ya lura da ɗan rami a haƙorin turmi na ƙasa, inda nama ke maƙalewa in ya ci tsire. Ya sa kanumfari, ya lafa. Da ya dawo sai ya je kemis aka haɗa masa magani, har yakan buɗe kafso ya zazzage garin cikin ramin. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani abokin aikinsa ya ce ai ruwan batir ne maganin tsutsar. Ya ɗiga da auduga, dasashinsa ya ƙone ya yi fari fat. Sai kuma ciwon ya ɗauke ɗif har wata biyu. Ya yi hamdala, ya ce tsutsa ta mutu.

Likitar da ta duba shi, wata matashiyar Bayarabiya, ta ce abin da ya mutu jijiyar haƙorin ce. Shirun da ya ji na wata biyu, a lokacin ne ruɓar ta gangara saiwa ta shiga ƙashi tana tara mugunya. Ta ce in faɗa masa irin wannan kumburin na turmin ƙasa yana iya sauka ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe maƙogwaro, kuma mutane na mutuwa da shi, balle mai ciwon suga. Na faɗa masa. Ya zaro ido ya ce, "Haƙorin?"

Sai ta yi tambayar da kullum ake yi: sau nawa yake wanke baki a rana? Ya sa hannu a aljihu ya ciro asuwakinsa ya ɗaga, ya ce, "Malam, gaya mata sau biyar. Kowace sallah." Ta yi murmushi ta rubuta wani abu a kati. Layi ya yi tsawo a waje, ba ta samu sukunin tambayarsa me yake sha ba. Ni kuwa na san amsar, don teburin mai shayi ɗaya muke zama.

Duk sanda aka tashi maganar lafiyar baki a tsakanin talakawa, kalma ɗaya ake jefa mana: rashin sani. Ban ce mun san komai ba, amma wannan hukuncin ya yi arha da yawa. Mutumin da ke kurkure baki a kowace alwala, wanda tun yana allo aka karantar da shi cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace sallah, ba za a ce bai damu da bakinsa ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta amince da amfanin asuwaki. Abin da ya same mu a ganina shi ne, tsabtar da muke yi ta kakanninmu ce, cimar da muke ci kuma ta Legas ce. Sannan mun mayar da zafi ma'aunin lafiya: abin da bai yi ciwo ba lafiyarsa ƙalau.

Kakana, wanda fataucin goro ya kawo shi Agege, ya rasu da haƙoransa ja jawur, amma cif suke, har ƙashi yake tauna. Bai san makilin ba. Sai dai tuwo yake ci, furarsa ba sukari, zaƙin da yake samu bai wuce rake ko zuma jefi-jefi ba. Jikansa fa? Da safe kofin shayi da madarar gwangwani mai kauri, mai shayi ya zuba sukari cokali huɗu ko biyar ba tare da ya tambaya ba, a haɗa da burodin Agege mai laushi da ke liƙewa a tsakanin haƙora. Da rana, in zafi ya taso, lemon kwalba mai sanyi. La'asar alewa ko biskit. Bayan isha'i a koma teburin shayi, a yi hira, a kwanta a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Robar lemo guda ta rabin lita ta kusa cinye wannan kason ita kaɗai, kafin a zo kan shayi. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga wanda naira 10 ta hana shi sha ba.

Yadda ɓarnar ke faruwa ba wani abin ɓoye ba ne. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin kowa, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori. Duk sanda sukari ya shiga, su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori. Yawu ne ke wanke tsamin yana gyara ɓarnar, amma yana bukatar lokaci. Wanda ke kurɓar zaƙi sau shida a yini bai ba yawu wannan lokacin ba. Da dare kuma yawu raguwa yake, shi ya sa shayin bayan isha'i ya fi kowanne mugunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuma ɓawon haƙori ba shi da jijiya, zai iya tsagewa wata da watanni mutum bai ji komai ba. Ranar da aka ji zir ɗin nan, ramin ya riga ya wuce ɓawo.

Ba na cikin masu raina asuwaki, akwai shi a aljihuna yanzu haka. Amma a tsaya a kalli yadda muke yinsa. Mutum na tafe yana hira, sanda a baki, yana ta gurzar haƙoran gaba huɗu ko shida da ake gani in an yi dariya. Turamen can ciki, da bayan haƙora ta ɓangaren harshe, ba su san ana yi ba, alhali a turamen ruɓa ta fi farawa. Kuma asuwaki ba ya ba haƙori sinadarin fuloraid gwargwadon yadda makilin ke bayarwa, shi ne kuwa ke ƙara wa ɓawon ƙarfin jure tsami. A duba jikin kwali, in an ga an rubuta tsakanin 1,000 da 1,500 ppm, wato ma'aunin fuloraid ɗin da ke ciki, ya yi. Sau biyu a rana, minti biyu, na kafin kwanciya shi ne wajibi. Akwai kuma wani abu da ni kaina ya yi mini wuyar sabawa: in an gama a tofar kawai, kada a bi da kurkura, don ruwan zai wanke maganin. Ga wanda ya saba kurkure baki sau uku-uku, wannan sai da horon kai. Buroshi mai tauri da muke zaɓa don wai ya fi fitar da datti, da gawayi da gishiri da wasu ke dirzawa don neman fari, cinye ɓawon suke, su kuma ja dasashi baya.

Batun tsutsa kuwa, kada wani ɗan boko ya yi mana dariya, ba mu muka fara ba. Tun zamanin Babila ake cewa tsutsa ce ke cin haƙori, Turawa ma sun daɗe a kan haka. Kuma zancen yana shiga hankali: an ga rami kamar na gara, ana jin motsi da zugi a ciki, me zai hana a ce mai rai ne? Na taɓa tsayawa a wata tashar mota ina kallon mai maganin da ke turara wa mutane hayaƙi a baki, ya ba su ruwa su kurkure su tofar a kwano, sai ga wasu fararen abubuwa kamar zare suna yawo. Jama'a na salati. Wanda aka yi wa ya biya ya tafi da raminsa yadda ya zo da shi. Babu likitan da ya taɓa buɗe haƙori ya tarar da tsutsa. Illar wannan imani ita ce, wanda ya yarda tsutsa ce abin kashe ta zai nema, ya sa fetur, ya sa ruwan batir, ya danna ƙwayar asfirin a dasashi har ta ƙone shi. Kanumfari dai yana da gaskiyarsa, man da ke cikinsa na kashe zafi, likitoci ma suna amfani da shi. Amma rami ba ya cikewa don an daina jin sa.

Kada a ce ina wa'azi daga sama, ni ma na faɗa. 'Yata tana da shekara bakwai ta fara kukan haƙori in tana cin abinci. Na leƙa na ga baƙi a na can ƙarshe. Kakarta ta ce, "Ƙyale shi, ai na famfara ne, zai faɗi wani ya fito." Na yarda, don ni ma haka na sani. Ashe turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara shida, a bayan haƙoran nono guda 20, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na yarinta. Ba shi da magaji. Da muka kai ta an samu an yi mata ciko, amma likitan ya ce da mun ƙara 'yan watanni da sai dai cirewa. Ni da nake yi wa wasu tafinta ban san wannan ba sai a kan 'yata. Su haƙoran nonon ma da muke rainawa, su ke riƙe wa na dindindin gurbi, in sun zube da wuri sai na baya su fito a hargitse.

Haka zancen fitar haƙorin jarirai. Yaro na gudawa da zazzaɓi, a ce haƙori ne, a zauna. Gaskiyar ita ce wata shidan da haƙori ke fara tsirowa shi ne lokacin da yaro ke soma rarrafe, yana kai komai baki, ana fara ba shi kunu, kariyar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa. Tare suke zuwa, amma ba haƙorin ke kawo gudawar ba. Mazauna Legas da suka manyanta ba za su manta da ƙarshen 2008 ba, lokacin da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, da aka haɗa a garin nan, ya gurɓata da sinadari mai guba irin wanda ake sa wa a man birki. Ya lalata ƙodar yara, aka ƙirga 84 da suka rasu a faɗin ƙasar, hukumar NAFDAC ta bi shaguna tana kwashe shi. Iyayen nan don ƙauna suka saya, suna neman magani ga abin da yawanci ba ya bukatar magani.

Abin mamaki, ba kashe kuɗi a kan haƙori ne ba mu iya ba. Alhaji ko Hajiya za su dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka yana walƙiya, an kankare lafiyayyen haƙori an ɗora masa hular da wani lokaci ba ta zauna daidai ba, abinci na shiga ƙarƙashinta yana ruɓa a ɓoye. 'Yan mata na neman wanda zai buɗa musu wushirya. In don ado ne hannunmu a sake yake, sai in an ce a je a duba lafiya ne ake tuna tsadar rayuwa.

Ko da yake tsoro ma na ciki. A wurinmu asibitin haƙori wurin cirewa ne, shi ke nan. An ce in aka cire na sama ido na raunana, an ce wankin haƙori na sa su girgiɗi. Duka biyun ba haka ba ne. Wanda ya ji haƙorinsa na motsi bayan wanki, dama ciwon dasashi ya riga ya cinye ƙashin da ke riƙe da shi, dattin da ya daskare kamar dutse ne ya tallafe shi na ɗan lokaci. Amma ga inda gizo ke saƙar: tunda ba ma zuwa sai haƙori ya gama lalacewa, likita ba shi da abin yi sai cirewa. Mu koma unguwa da giɓi mu ba da labari cewa can ba su san komai ba sai cirewa. Mai sauraro ya ƙudurta ba zai je ba sai ya rasa yadda zai yi, shi ma ya je a makare, a cire. Da yawanmu ba mu taɓa ganin wanda aka yi wa ciko ya ci gaba da tauna da haƙorinsa shekaru ba, balle wanda ya je alhali ba abin da ke damunsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki: kuɗi da lokaci. Ɗan dako ranar da bai ɗauki kwando ba, ranar ba abinci, ga iyali a gida Arewa suna jiran aike. Zuwa asibitin gwamnati yini guda ne cur: a fita tun duhu, a yanki kati, a bi layi, a ce je ka yi hoto, a ce dawo wani makon. Asibitin kuɗi kuma ba nasa ba ne. Yaron nan namu kwana biyu ya rasa na aiki, ban da wanda ya yi a kwance. Ba zan ce masa ya yi wauta da ya fara da kemis ba, lissafin yau ya yi. Sai dai da za a tara abin da ya kashe a kemis cikin shekara guda, da kwanakin da ciwo ya hana shi fita, sun isa ciko har da canji, kuma da haƙorinsa na nan.

Nisa kam ba hujjarmu ba ce a Legas. A can Arewa akwai ƙauyukan da sai an yi tafiyar yini kafin a ga likitan haƙori. A Sakkwato har asibiti guda aka buɗe a 1999 don cutar noma, wadda ke farawa daga gyambon dasashi ta cinye fuskar yaron da ke fama da tamowa, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Mu nan fa? Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, tana Idi-Araba, katanga ɗaya da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa a garin. Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, nan kusa da Agege. Gini na kusa, maganar ce ba ta iso ba. Ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya kowace 20 ga Maris, a 2022 an ambaci mutum kusan biliyan 3.5 da ke fama da ciwon baki da haƙori a duniya, amma da wane harshe? Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jihar Legas na da nata tsarin mai suna Ilera Eko, amma a majalisar da nake zama ban taɓa jin wanda ya ambaci sunansa ba.

Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi hawa kan irinmu. Duk shekara muna karantar da babin asuwaki a littattafan fiƙihu, mu faɗi falalarsa mu wuce. Me zai ragu in malami ya ƙara minti biyar ya ce a kai shi har turame, a haɗa da makilin kafin barci, a leƙa bakin yaro in ya shekara shida? Maganar da liman ya faɗa bayan sallar magariba ta fi takarda dubu da aka buga da Turanci. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, da ke iya tara jama'a cikin awa guda in siyasa ta zo, za su iya gayyato likitoci da ɗalibansu su kafa rumfa a Mile 12 rana guda, da tafinta a gefe, a leƙa bakin mutane tun kafin ya kumbura. Mai kemis, wanda shi ne likitan farko na kowa a unguwa, in ya ga mutum ya dawo karo na biyu da haƙori ɗaya, ya ji tsoron Allah ya tura shi gaba. Su ma likitoci, in Bahaushe ya ce musu sau biyar, kada a tsaya nan, a tambaye shi cokali nawa.

Ni dai na fara da mai shayinmu. Na ce masa ya riƙa tambaya kafin ya zuba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, in na rage cewa za su yi na fara rowa." Yanzu nawa kofin kaɗai yake tambaya.

Shi kuwa yaron garinmu, an tsaga kumburin an ba shi magani, aka cire turmin, ya warke sumul. Ranar da aka sallame shi likitar ta nuna mini wani ɗan baƙi a turmin ɗaya ɓangaren, ta ce wannan ƙaramin ciko kawai yake so, ya dawo cikin wata guda. Yau wata huɗu ke nan. Shekaranjiya na gan shi a teburin shayi yana tauna burodi da ɓangaren dama, na tuna masa. Ya ajiye kofi ya ce, "Malam, bari kakar tumatir ta wuce tukuna. Ai wannan bai fara ciwo ba."